Akwatin da ke Jikin Falwaya: Yadda Na'urar Sarrafa Jiniyar Gargaɗi Ta Sauya

Daren Juma'a, 7 ga Afrilun 2017, wajen sha biyu saura kwata, jiniyoyi 156 na birnin Dallas da ke jihar Texas a Amurka suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Babu hadari, babu iska. Mutanen Dallas ma'ana ɗaya suka sani ga wannan kukan, wato mahaukaciyar guguwa ta tunkaro, kowa ya nemi maɓoya. Jiniyoyin suka yi ta yi, su tsagaita su sake ɗauka, har bayan ƙarfe ɗaya na dare. Kira fiye da 4,000 ya cika layin neman agaji, masu buƙatar taimako na gaske suka yi ta jira. A ƙarshe sai da jami'ai suka kashe tsarin ɗungurungum kafin gari ya yi shiru.

Shekara shida bayan haka, ranar 8 ga Agustan 2023, gobarar daji ta cinye garin Lahaina a tsibirin Maui na jihar Hawaii, ta hallaka mutum kusan 100. Jihar tana da jiniya sama da 400, kimanin 80 a yankin Maui kaɗai, amma ko ɗaya ba a busa ba.

Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, ko ambaliya ta ci gari cikin dare, tambayar da ke bakin mutane ita ce: ina jiniya? Amsar ba kasafai take can saman falwaya inda ƙahon yake ba. Tana cikin wani akwatin ƙarfe da ke maƙale a ƙasa, wanda mai wucewa ba ya ko kallo.

## Jiniya daban, mai ba ta umarni daban

Jiniyar gargaɗi iri biyu ce. Ta farko ta inji ce: fanka mai gudu a cikin wani gida mai ramuka, tana zuƙo iska tana yanka ta, yankan nan shi ke zama ƙara. Idan fankar ta ƙara gudu sai muryar ta yi sama, idan ta rage sai ta sauko. Asalin dabarar tsohuwa ce, domin tun 1819 wani Bafaranshe, Charles Cagniard de la Tour, ya ƙera irin wannan na'ura ya raɗa mata sunan da Turawa ke kiran ta da shi har yau. Ta biyu ta lantarki ce: ba ta da fanka, tarin lasifika ne da amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi da batir. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake ajiye kayan lasifikar babban masallaci ya ga ɗanyen siffarta, sai dai wannan ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ko wacce iri ce, jiniya ba ta san komai ba. Na'urar sarrafawa ce ke karɓar umarni daga ofishin agaji, ta tantance ko na gaske ne, ta zaɓi irin kukan da za a yi da tsawonsa, ta kunna, ta kashe. A na zamani kuma ita ce ke mayar da rahoto cewa an yi ko ba a yi ba. Tarihin jiniya na shekara saba'in da suka wuce kusan duk tarihin wannan akwatin ne, domin ƙahon da ke sama bai sauya sosai ba. Akwai garuruwan Amurka da har yanzu jiniyar da aka kafa a shekarun 1960 ce ke kan falwaya, akwatin kawai aka sauya sau biyu ko uku.

## Zamanin faifai da wayar tarho

A Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen Ingila sun saba da kuka iri biyu: mai hawa da sauka yana nufin jiragen abokan gaba sun taho, mai miƙewa kuma yana nufin a fito. Hawa da saukan nan ba wani abin mamaki ba ne, wuta ake ba injin a ɗauke, a ba shi a ɗauke, fankar ta riƙa ɗaukar gudu tana lafawa. Da farko mutum ne ke yin hakan da hannunsa.

Da yaƙin cacar baki ya kankama, Amurka ta yi dokar kare farar hula a 1950, aka shiga kafa jiniya a birane saboda fargabar harin nukiliya. A 1952 kamfanin da aka fi sani yanzu da Federal Signal ya fito da jiniyar Thunderbolt, mai inji uku: ɗaya na hura iska, ɗaya na yanka ta, ɗaya na juya ƙahon. Kamfanin Chrysler ma ya ƙera wata da injin mota mai silinda takwas, wadda ƙararta ta kai desibel 138 (ma'aunin ƙarfin ƙara) a tazarar mita 30. Irin waɗannan ba za a tsaya ana murɗa su da hannu ba, sai aka haɗa su da agogon inji. Wani ɗan ƙaramin injin lantarki ne ke juya faifai masu tudu da kwari a gefe. Tudu ya zo, ya danna makunni, jiniya ta samu wuta. Kwari ya zo, makunni ya saki. Faifan ya kammala zagayensa cikin minti uku ko makamancin haka, komai ya tsaya. Siffar da aka yanka wa faifan ita ce kukan, don haka mai son sabon salon kuka sai ya nemi sabon faifai.

Umarnin kuma ta wayar tarho yake zuwa. Hukuma tana hayar layi daga kamfanin tarho tun daga ofis har gindin kowace jiniya, tana biya duk wata. Matsalar a bayyane take: guguwar da ake son a yi gargaɗi a kanta ita ce ke fara karya falwayoyi ta tsinke layin, ta kuma ɗauke wutar da injin ke buƙata. Sannan mai danna maɓalli a ofis ba shi da hanyar sanin ko jiniyar unguwa kaza ta amsa, sai dai wani ya bugo waya ya ce bai ji komai ba.

## Da rediyo ya karɓi aikin

Mafita ta farko ita ce a rabu da waya. Aka sa wa kowane akwati 'yar rediyon karɓa, irin wadda ake kiran 'yan kwana-kwana da ita. Ofis ya aika sauti biyu a jere, na farko mai wani kaifi na wasu daƙiƙu, na biyu mai wani kaifin daban. Akwatin da aka saita wa waɗannan biyun shi kaɗai zai farka. Daga baya aka koma ga sautin maɓallan tarho, wanda kamfanin Bell ya fito da shi a 1963, wato ɗan ƙaran nan da ake ji idan an danna lamba a waya. Kowace lamba haɗin sauti biyu ce, jerin lambobi kuma ya zama adireshi da umarni lokaci guda. Da wannan ofis ya samu damar busa jiniya ɗaya, ko ta unguwanni uku da ke bakin kogi, ko ta gari duka. A Jamus ma an daɗe ana amfani da jerin sauti biyar a tashar rediyon 'yan kwana-kwana don wannan aikin.

A daidai wannan zamanin, daga shekarun 1970 zuwa na 1980, jiniyar lantarki ta shigo kasuwa ta hannun kamfanoni irin su Whelen da Federal Signal. Nan ne akwatin ya daina zama makunni kawai. Shi ne ke ƙirƙirar sautin da kansa, ya miƙa wa amfilifaya. Tun da sauti ne ake ƙirƙira, ana iya yin kala shida ko fiye ba tare da an taɓa ƙarfe ba, ana kuma iya sa muryar mutum, ko kai tsaye daga makirufo ko wadda aka naɗa. Abu mafi muhimmanci shi ne batir. Lasifika ba ta cin wuta kamar babban inji, don haka ko an ɗauke wuta jiniya za ta yi kuka. Masu ƙera ta inji ma suka bi sahu, zuwa ƙarshen shekarun 1980 suka fito da masu aiki da batir.

## Ranar da akwatin ya fara mayar da magana

Babban abin da ya tura wannan fasaha gaba ba guguwa ba ce. Hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island ne a jihar Pennsylvania, ranar 28 ga Maris, 1979. Ruɗanin da aka shiga wajen sanar da jama'a ya sa hukumomin Amurka suka gindaya wa duk tashar nukiliya sharaɗin ta iya faɗakar da mazauna mil 10 kewaye da ita, kimanin kilomita 16, cikin minti 15. Kamfanonin lantarki suka sayi jiniyoyi ɗaruruwa, kuma dole su riƙa nuna wa masu sa ido hujjar cewa suna aiki. Ba zai yiwu duk mako a tura mutum gindin kowace falwaya ya kasa kunne ba.

Sai aka sa wa akwatin ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta da rediyo mai aikawa da karɓa. Yanzu ofis kan tambayi jiniyoyin ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ba da amsa: batir ɗina ya kai kaza, wutar gari tana zuwa ko ba ta zuwa, farantin sola yana caji, an buɗe ƙofata da ƙarfe kaza, amfilifaya ta uku ta mutu, ƙahon ya juya ko ya cije. Mai gadin allo yana ganin taswirar gari, kowace jiniya ɗigo ce, kore ko ja.

Wata dabara da ta biyo baya ita ce gwajin shiru. A jiniyar lantarki, akwatin kan tura wa lasifika sauti mai kaifin da kunnen ɗan Adam ba ya ji, ya auna wutar da ta ja, daga nan ya gane ko tana da rai. A ta inji kuma ana ɗan motsa fankar na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ta yi gurnani ta tsaya. Ana iya yin wannan kullum ba tare da an tayar wa kowa da hankali ba. Wannan, a gaskiya, shi ne ci gaba mafi amfani a duk tarihin, ko da yake ba shi ne ake yawan ambata ba. Kafin shi, ranar bala'i ita ce ranar da ake gano jiniyar da ta yi wata shida a mace.

## Ƙofar da aka bari a buɗe

Rediyo ya raba jiniya da wayar da ke tsinkewa, amma ya jawo wata matsalar. Abin da aka watsa a iska kowa na iya kamawa. Sautin umarnin da aka aika ranar gwaji shi ne dai za a aika wata mai zuwa, babu sauyi. Duk wanda ya naɗe shi ya sake kunnawa a tashar, akwatin zai yi biyayya, don ba a koya masa tambayar wane ne mai magana ba.

A Dallas, da farko an ɗauka ta intanet aka yi kutse, sai daga baya hukumomin birnin suka bayyana cewa ta siginar rediyo aka shigo. Suka yi gaggawar sa wa saƙon makulli na sirri. A watan Maris na 2019 aka sake yin irin haka a garuruwan DeSoto da Lancaster da ke kusa, har aka kashe jiniyoyinsu a lokacin da ake hasashen guguwa.

A birnin San Francisco kuma, wani mai bincike na kamfanin tsaron sadarwa na Bastille, Balint Seeber, ya lura cewa duk Talata da tsakar rana ake gwada jiniyoyin birnin. Ya riƙa sauraren iska a wannan lokacin, mako bayan mako, har ya gano tashar, ya kuma warware tsarin saƙon. A Afrilun 2018 aka bayyana cewa da kwamfutar cinya da oba-oba ta kimanin dala 35 ana iya busa jiniyoyin da kamfanin ATI Systems ya kafa, har a sa musu muryar da aka ga dama. Kamfanin ATI ya fitar da gyara. Darasin da injiniyoyi suka ɗauka shi ne cewa mayar da umarni zuwa lambobin kwamfuta bai isa tsaro ba. Sai an kulle shi da mabuɗin sirri, an kuma sa masa lokaci ko lambar da ke sauyawa, yadda saƙon jiya ba zai yi aiki yau ba.

Gyaran yana da tsada, kuma tsadar tana da nata haɗarin. A Disambar 2019 San Francisco ta kashe jiniyoyinta 119 da niyyar sabunta su cikin shekara biyu. Har lokacin da gobarar Lahaina ta faru a 2023, ba a dawo da su ba.

## Wa zai danna?

Nan ne ra'ayi ya fi rabuwa. Tun Oktoban 2007 hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta daina ba da gargaɗin guguwa da sunan gunduma duka, ta koma zana iyakar wurin da haɗarin zai bi a taswira. Manhajar ofis tana iya karanta wannan zanen ta busa jiniyoyin da suka faɗa cikinsa kawai, ba tare da mutum ya taɓa komai ba. Japan ta fi nisa: tsarinta na J-Alert, wanda ya fara aiki a 2007, yana aika gargaɗin girgizar ƙasa ko igiyar tsunami ta tauraron ɗan Adam, ya kunna lasifikokin ƙananan hukumomi cikin daƙiƙu.

Masu goyon bayan a bar wa na'ura suna kafa hujja da lokaci. Jami'i yana iya yin barci, yana iya jin tsoron a zarge shi da tayar da hankalin jama'a a banza, yana iya tsayawa neman izinin na gaba da shi. Suna kuma tuna abin da ya faru a garin Minamisanriku na Japan lokacin tsunamin ranar 11 ga Maris, 2011, inda wata ma'aikaciya, Miki Endo, ta tsaya gaban makirufo tana kiran mutane su hau tudu har ruwan ya cim ma ginin ta rasu. Saƙon da aka naɗa, wanda akwati ke maimaitawa da kansa, ba ya buƙatar kowa ya tsaya.

Masu adawa kuma suna cewa na'ura ba ta san gajiyar kunne ba. Bayan guguwar da ta kashe mutum fiye da 150 a garin Joplin na jihar Missouri ranar 22 ga Mayu, 2011, binciken hukumar yanayi ya gano cewa mutane da yawa sun ji jiniya amma ba su motsa nan take ba, saboda sun sha jin ta ba tare da komai ya faru ba. Sai da suka leƙa waje ko suka ji daga wani wuri sannan suka gaskata. Jiniyar da ke yawan kuka tana cinye amincin da za ta buƙata ranar gaske.

Lahaina ta nuna ɓangare na uku. Shugaban hukumar agajin gaggawa ta Maui, Herman Andaya, ya kare ƙin busawar da cewa mutane sun san jiniyar da tsunami, da sun ji ta za su gudu wajen tsauni, inda wutar take. Masu sukarsa suka ce ko ba komai da ta tayar da na cikin gida sun leƙo sun ga hayaƙi, musamman da wuta da layin waya suka katse. Ya ajiye aiki kwana ɗaya bayan ya yi wannan bayanin. Kowane ɓangare yana da abin riƙewa, amma gardamar ta tona wani abu: kuka zalla yana cewa "tashi", ba ya cewa "nufi can". Abin da ya sa ake son jiniya mai magana ke nan. Sai dai ita ma tana da iyaka, don murya ba ta kai nisan da kuka ke kaiwa, kuma idan jiniya uku suna magana lokaci guda kalmomin kan haɗu su zama hayaniya.

## Jiniya ko wayar hannu

Wasu gwamnatoci sun ga cewa tun da kowa na da waya a aljihu, kashe kuɗi kan falwaya da batir ɓarna ce. Jamus ta bi wannan hanya bayan yaƙin cacar baki: gwamnatin tarayya ta saki jiniyoyinta, ta bar wa ƙananan hukumomi, aka cire dubbai. Ranar 10 ga Satumban 2020 aka yi gwajin ƙasa baki ɗaya, garuruwa da yawa suka yi tsit, saƙon manhajar waya kuma ya makara da kusan rabin sa'a. Wata goma bayan haka, daren 14 ga Yulin 2021, ambaliya ta kashe mutum fiye da 130 a kwarin kogin Ahr. Gwamnati ta ware kusan Yuro miliyan 90 don sababbin jiniyoyi, kuma sharuɗɗan da ta sa sun fi shafar akwatin: dole ya yi aiki da batir idan an ɗauke wuta, dole a iya ba shi umarni ta hanyar sadarwar dijital ta jami'an tsaro da agaji. Ta kuma fara aika gargaɗi kai tsaye zuwa duk wayar da ke yanki a Fabrairun 2023.

Holan ta yi shekaru tana shirin kashe jiniyoyinta sama da 4,000, waɗanda ake gwadawa Litinin ɗin farko ta kowane wata da tsakar rana, ta dogara ga saƙon waya, amma ta sha ɗage ranar. Switzerland ba ta taɓa saki ba: tana da sama da 7,000, tana gwada su Larabar farko ta Fabrairu.

Waya ta fi bayani, ta fi arha, tana kuma shiga ɗakin da jiniya ba ta kai, domin jiniya ta waɗanda ke waje ce tun asali. Amma waya tana mutuwa, ana kashe ta da dare, turken sadarwa yana faɗuwa, yaro da tsoho ba lallai su riƙe ta ba. Yawancin hukumomi yanzu sun karkata ga haɗa biyun, saƙo ɗaya ya fita ta jiniya da waya da rediyo lokaci guda.

## Ga mazauna bakin kogi

Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Maiduguri a Satumban 2024, da ta Mokwa ranar 29 ga Mayun 2025, duk sun riski mutane ne a lokacin barci. Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2022 ta sa burin kowa a duniya ya samu gargaɗin gaggawa kafin ƙarshen 2027, don haka maganar sayen jiniya za ta riƙa tasowa a jihohi da ƙananan hukumomi, musamman garuruwan da ke ƙasan madatsun ruwa ko a gaɓar Binuwai, inda ake zuba ido duk damina kan sakin ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru.

Idan ta taso, tambayoyin da suka fi shafar talaka ba na ƙarfin ƙara ba ne. Wa ke da ikon busawa da ƙarfe uku na dare, kuma sai ya jira izinin wa? Me kukan ke nufi, kuma an taɓa tara mutane an gwada musu sun san inda za su nufa? Idan mai magana ce, da wane harshe aka naɗi saƙon? Akwatin yana karɓar umarni daga tsarin kowane kamfani, ko duk ranar da za a ƙara jiniya ɗaya sai an koma wa mai sayarwa na farko da farashin da ya ga dama? Sannan kuɗin kula: batir yana buƙatar sauyi duk bayan 'yan shekaru, a ƙasa mai zafi ma ya fi saurin lalacewa, kuma kuɗin kafawa kan fito daga tallafi sau ɗaya, na kulawa kuwa sai an sa shi a kasafi kowace shekara.

Akwai kuma batun da duk wanda ya ga makomar fitilun sola na kan titi ya sani. Farantin sola da batura a falwayar da ke bayan gari kaya ne masu kasuwa. Akwatin zamani yana da ɗan makunni a jikin ƙofarsa, da zarar an ɓalle ta zai aika saƙo ofis, ɗigon da ke kan taswira ya koma ja. Daga nan aikin ya koma kan ko akwai ma'aikaci a gaban allon a wannan daren, da kuma babur mai mai da zai kai shi gindin falwayar.